Jar Ƙasar da ke Gefen Kabarin Papa

Logan, 9 ga Fabrairu, 2010

'Yar'uwata Moeroa,

Kia orana, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya gwiwar nan taki da ba ta rabuwa da ƙorafi? Ki gaida jikokinki da mutanen coci. Mu nan Australiya lafiya, sai aikin mayanka da ke cin ƙarfina. Kullum na dawo ina ƙarnin saniya, har Rima matata takan ce in tuɓe kayana a gareji kafin in shigo mata gida.

Maganar Mama ce ta sa na ɗauki biro. Kin ji ta faɗi kafin Kirsimeti ta karya ƙugu. An yi mata aiki, tana takawa da sanda mai ƙafa huɗu, amma asibiti sun ce gidanmu mai bene bai dace da ita ba, ga shi ni da Rima duk muna fita aiki. Yanzu tana gidan tsofaffi. Wurin fes yake a ido, sai dai duk ranar da na shiga, warin maganin goge ƙasa ke tarbata, kuma akwai wani wari a ƙarƙashinsa da maganin bai kashe ba. Ita ba ta taɓa kushe wurin ba. Magana ɗaya take maimaitawa: "Teo, ka mai da ni gida Titikaveka tun ina gane hanya."

Na yi mata alkawari. Amma kin san gidan Papa babu banɗaki a ciki, sai tsohon masan nan na bayan itacen kwakwa, kuma mace mai shekara tamanin da huɗu da ƙarfe a ƙugu ba za ta keta rairayi ta je can ta tsuguna ba. Likita ya ce ba zai yarda ta koma ba sai da banɗaki na zama a cikin gida. Maginin da na tuntuɓa ya ce yanzu ba a gina ramin masai sai da takardar izini, takardar kuma sai an gwada ƙasa. Ke ce maƙwabciyar gidan, ke ce mai riƙe da makullinsa shekara goma sha ɗaya. Ki taimaka ki je ofishin tsabta ki sa su zo su duba. Ban yi miki maganar ta waya ba, don Mama na da masu kai mata labari ta kowane gefe.

Ɗan'uwanki,
Teokotai

Titikaveka, 14 ga Maris

Teo,

Kia orana. Na sami wasiƙarka. Gwiwata tana gaishe ka, ta ce ita ma ba ta rabu da kai ba tun ranar da ka ture ni daga kan kwalekwale muna yara. Jikoki lafiya. Allah ya ƙara wa Mama Ngapoko sauƙi.

Kafin in je ofis na ce bari in leƙa tsohon masan naku. Da na sani ban leƙa ba. Katakon ya ruɓe, kyankyasai sun yi gari a ciki, kuma ashe duk baƙin da ke zuwa wanka bakin teku can suke shiga. Na fito na yi amai a gindin kwakwa, ranar ko shayi ban iya sha ba. Wannan aikin da ka ba ni, ko kakata da kakarka da suka sha nono ɗaya ba su taɓa yi wa juna irinsa ba.

Ofis sun turo mai gwajin ƙasa. Inano ce, jikar Papa Nga mai kamun kifi, wadda ta yi karatu a Fiji. Ta zo da dogon takalmin roba da ma'auni da agogo a wuya. Ta fara yi mini bayani, tanki ne za a gina mai ɗaki biyu, ƙazanta ta kwanta a ciki, ruwan kuma ya fita ta bututu masu huji da za a shimfiɗa ƙarƙashin ƙasa, ƙasar ta tsotse shi a hankali ta tace. Duk rigimar a kan wannan ƙasar mai tsotsewa take.

Ta sa aka haƙa ramuka uku a gaban gida, ta cika su da ruwa, ta duƙa da agogonta. Kafin ta gyara zama ruwan ya ɓace. Na ce mata, "To ai shi ke nan, ta sha da kyau."

Ta ce, "Mama Moeroa, wannan ba ƙasa ba ce, rariya ce. Abin da kika zuba da safe, da rana yana cikin teku."

Aka haƙa wani mai zurfi. Bai kai tsawon hannuna ba ruwa ya ɓullo daga ƙasa. Ta taɓa da yatsa ta ce gishiri ne, ta kafa sanda ta ce in duba da yamma. Da teku ya cika, ruwan ramin ya hau har kusan baki. Muka koma bayan gida wajen fadamar gwaza, can kuma baƙin taɓo ne, ruwan da ta zuba kwana biyu yana nan, har sauro ya fara gida. Ƙasar gaba ta faɗi gwajin, ta baya ma ta faɗi. Ta ce za ta dawo da ƙaramar motar haƙa ta duba abin da ya rage na filin, amma sai ruwan sama ya ɗauke.

Kada ka faɗa wa Mama komai tukuna.

'Yar'uwarka,
Moeroa

Logan, 6 ga Afrilu

Moeroa,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Mama ta ɗan rame, abincinsu ba ya shigarta, sai abin da Rima ta kai mata ranar Lahadi.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, raina ya ɓaci. Shekara nawa kakanninmu suna zaune a filin nan, wa ya taɓa auna musu ƙasa da agogo? Ke ma kin yi sakaci. Wa ya ce ki bar ta ta kafa sanda har teku ya cika? In za ta dawo, ki duba lokacin da teku ya janye sosai ki kira ta, ki kuma sa ta gama ta tafi kafin ya dawo. In bai yi ba, a kawo jar ƙasa mota biyu daga kan tudu a zuba a gaban gida, a shuka ciyawa a kai, wata guda ba mai ganewa. Sannan yarinyar nan ai tamu ce. Kakanta ya ci aladenmu a kowane biki. Ki kai masa cinya ki zauna ki gaishe shi, shi zai san yadda zai yi mata magana.

Ba na son in sa ki abin kunya, amma ba ke kike ganin fuskar Mama ba duk ranar da na ce mata tukuna.

Teokotai

Titikaveka, 11 ga Mayu

Teo,

Muna lafiya, ina fatan kuna haka. Ƙaramar jikata ta yi fama da gudawa mako guda, ta warware.

Wasiƙarka ta ba ni ƙyama, gara in faɗa maka. Ni da shekara sittin da biyu, dattijuwar coci, in ɗauki cinyar alade in je sayen sa hannun yarinya? Australiya ta koya maka abubuwa.

Amma bari ka ji abin da ya rufe mini baki. Ni ma na yi wa Inano irin maganarka ta kakanni. Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Mama, ki ba ni aron masanki." Ta zuba wani koren ruwa a cikin nawa, na gidana, wanda nake alfahari da shi, ta tafi. Kwana biyu bayan haka na je cirar ganyen gwaza, na tarar da ruwan kwalbatin fadama kore shar. Na bi shi da ƙafa har bakin teku, daidai inda jikokina ke wanka, can ma rairayin ya yi kore. Na tsaya da ganyen a hannu, na tuna shekarun da na yi ina dafa shi da madarar kwakwa ina kai wa fasto. Tun ranar ban sa gwaza a bakina ba.

Na tambaye ta ko babu wata dabara. Ta ce akwai na'ura mai lantarki da ake kawowa daga ƙasar waje, amma ko ita ruwan da ta tace sai ya sami ƙasar da za ta sha shi, kuma a filinku gaba da baya duk ba su yi ba.

Ta dawo da motar haƙa makon jiya. An sami wuri ɗaya da ya ci gwajin. Jar ƙasa ce mai kyau, ta yi zurfi fiye da tsayin mutum ba a tarar da ruwa ba. Ta ce in a nan ne, gobe ma za ta sa hannu. Sauran bayani sai na natsu, yau kaina na ciwo.

Moeroa

Logan, 2 ga Yuni

'Yar'uwata ta kirki,

Allah ya yi miki albarka. Ki yafe mini maganar alade, na janye. Da na karanta cewa ƙasa ta ci, ban ko cire takalmin aiki ba na wuce wajen Mama. Moeroa, sai ga ta ta miƙe zaune da kanta. Ta sa aka kawo mata akwatinta, ta fara ninke rigunan cocinta farare, ta rarraba wa sauran tsofaffin kayan da ba za ta tafi da su ba. Ranar ta cinye abincinta duka. Na kama mana jirgi ranar ashirin ga Agusta. Ki karɓo takardar, ki ce magini ya fara, kada a ɓata ko kwana ɗaya.

Teokotai

Titikaveka, 23 ga Yuni

Teo,

Lafiyarmu ƙalau, in ban da ni da na kasa barci tun zuwan wasiƙarka. Na ce maka sauran bayani na tafe, me ya kai ka faɗa mata? Amma laifin nawa ne, na rubuta maka rabin magana don hannuna ya ƙi rubuta sauran.

Wurin da ya ci gwajin shi ne ɗan tudun da Papa Tereapii yake kwance, daga hagun kabarinsa. Ka san wurin. Kana tsaye ranar da muka binne mahaifinka, lokacin da Mama ta ɗebo fararen duwatsun teku ta kewaye gefensa, ta ce a gaban kowa, "Nan nawa ne, kada wanda ya riga ni." Furannin da ta shuka a kan layin ni nake ba su ruwa.

Ranar da motar ta zo ina asibiti da jikata. Inano ba ta san ma'anar duwatsun ba, ta ɗauka ado ne, ta ga jar ƙasa ta sa aka haƙa. Na dawo na tarar da rami daidai tsayin kabari, a daidai wurin, an tara duwatsun gefe ɗaya. Da na faɗa mata, yarinyar ta cire hularta ta yi ta ba ni haƙuri har da hawaye. Ta sake aunawa ta kowace kusurwa, ko bututun za su kauce wa wurin. Tudun ƙarami ne, nan da nan ya gangara cikin taɓo, can kuma iyakar filin ɗan'uwanmu Papa Tua ce. In an cire wurin Mama, abin da ya rage bai isa ba. In kuma an shimfiɗa bututun, ba wanda zai sake haƙa kabari a nan.

Ban karɓo takardar ba, ban kira magini ba. Uwarka ce, kai za ka yanke.

Moeroa

Logan, 15 ga Yuli

Moeroa,

Muna nan da rai. Ban san yadda zan gaishe ki ba.

Wata guda da rabi kin san wannan, kika bar ni na sa tsohuwa ta ninke kayanta. Kuma har kina tambayata in yanke, kamar akwai abin yankewa. Ruwan kashi ya riƙa tsiyaya a inda uwata za ta kwanta, taku biyu daga kan ubana? Duk wanda ya zo gidan ya ci ya ƙoshi ya ja ruwa, ya gangara wa Papa? Ina aiki cikin tumbi da hanji tun safe har yamma, ban taɓa jin abin da ya tayar mini da zuciya kamar wannan ba.

A cike ramin nan yau, a mayar da duwatsun yadda suke. Ki tara dangi ki roƙi Papa Tua ya ba mu ɗan tsiri daga nasa gefen, ai duk ƙasar kaka ɗaya ce. Na soke jirgi. Na ce wa Mama takarda ce ta makale a ofis. Ta dube ni kawai, ta ce a bar akwatin a ɗaure.

Teokotai

Titikaveka, 19 ga Satumba

Teo,

Na yi shiru wata biyu don da na amsa maka a lokacin, da zumunci ya yanke. Muna lafiya.

Na cike ramin da hannuna, na jera duwatsun, na sake dasa furannin. Kada ka ɗauka kai kaɗai ke da zuciya. Ni nake share kabarin Papa kowace Asabar, kai ka tafi ka bar shi.

Dangi sun taru a ɗakin taron coci. Awa huɗu, aka ci kaza da kifi aka suɗe hannu, kowa ya tashi ya yi jawabi kan yadda Mama Ngapoko ta goya shi. Da aka zo maganar ƙasa, Papa Tua ya ce shi ma can ya keɓe wa kansa da matarsa. Wani ya ce a bari sai danginmu na Auckland sun zo Kirsimeti, wata ta ce a yi addu'a. Aka yi addu'a aka watse, har da masu ƙunsa sauran kazar a leda. Na dube su na ji kamar ranar da na leƙa tsohon masanku.

Babu wata hanya, na gaji. Tunda ni da kai duka ba za mu iya taɓa wurin nan ba, ka daina yi mata ƙaryar takarda. Ka faɗa mata gaskiya, an tsare mata makwancinta tsaf, amma ba za ta gan shi da idonta ba, sai dai a kawo ta a akwati. Mama Tekura ta cocinmu za ta zo wajen 'yarta a Brisbane, kusa da ku, jibi, ita zan ba wasiƙar.

Moeroa

Logan, 4 ga Oktoba

Moeroa 'yata,

Kia orana. Ni ce Ngapoko. Ki yi haƙuri da rubutun, kwana uku na yi a kansa. Yaya gwiwarki, yaya 'yar da ta yi gudawa? Ni ina nan, ƙugu ya yi sauƙi.

Tekura ta je gidan Teo ba ta same shi ba, sai ta zo gaishe ni ta ce ga saƙon ɗana in ajiye masa. Ni na haife shi, na buɗe. Da ya zo na sa shi ya kawo mini sauran wasiƙunki duka, ya zauna a gabana ya karanta su da ƙarfi, ƙaton mutum yana sharar hanci. Na ce masa abin da zan ce miki yanzu.

Kun ba ni ƙyama, ku biyun. Wata takwas kuna gadin gawata, ba wanda ya tambaye ni.

Kin yi amai don kin leƙa masai. Shi zuciyarsa ta tashi don ruwa zai bi ta gefen ubansa. Bari in faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba. A nan ma'aikata ba su da yawa, ba laifinsu ba ne, yara ne masu haƙuri. In na danna ƙararrawa, kafin a zo a kai ni banɗaki sau da yawa aikin ya riga ya gama. Don haka suka ce gara a ɗaura mini ƙunzugu irin na jarirai. Ina zama a cikin abina, ina jin ɗuminsa har ya huce, ina jiran wata yarinya da ban san sunan uwarta ba ta zo ta juya ni ta goge ni tana ce mini yarinyar kirki. Warin da Teo ke ji in ya shigo, nawa ne. Ni da na wanke shi, na wanke ki ranar da uwarki ta kwanta ciwo.

Duwatsun nan ni na jera su, ni kuma na ce a kwashe. Lokacin ina da ƙafa biyu masu kyau, ina tsammanin mutuwa ce abu mafi wuya da ya rage mini. Ki je wajen jikar Nga ki ce ta sa hannu, ki ce mata kada ta ƙara kuka, ita kaɗai ta yi aikinta a cikinku. A shimfiɗa bututun a wurina. Tereapii ya yi shekara talatin yana kiwon alade, ruwan da ƙasa ta tace ba zai dame shi ba.

In lokacina ya yi, ku ɗaga murfin kabarinsa ku sa ni a kansa. Na sani an haƙa shi da zurfi, ina wurin. Shekara hamsin da ɗaya ina ɗauke da mutumin nan, da shansa da fushinsa da ciwonsa, yanzu shi ma ya ɗauke ni. In Tua ko wani ya ce ba a saba ba, ki ce ya zo ya same ni a baranda ya faɗa mini a fuskata.

Teo ya sake kama jirgi, ranar biyu ga Disamba. Ki gaya wa magini ya sa ƙarfen riƙewa a bango ta hannun dama, kujerar masan kuma ta yi ɗan tsayi. Ƙofar banɗakin a sa mata sakata ta ciki, ƙasa-ƙasa inda hannuna zai kai. Ni zan rufe ta da kaina.

Uwarku,
Ngapoko